Babaji Na-Jos a Saman Mota

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu na shekarar dubu biyu da ashirin da biyar, da ƙarfe biyar saura minti goma na yamma, Babaji Na-Jos ya faɗi maganar da ta jawo masa duk abin da ya biyo baya. A gindin dogonyaron da ke bakin masallacin unguwarsu a Dogo Tebo ya faɗe ta, inda maza goma sha ɗaya suka saba zama bayan la'asar. Zafi bai sauka ba tukuna. Kowa na fifita da abin da ya samu, mai hula da hularsa, mai kwali da kwalinsa.

Babaji igiya yake sayarwa a kasuwar shanu, amma ba da igiya aka san shi ba. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya bar Potiskum, aka yi shekara uku ba a gan shi ba, sannan ya dawo sanye da jar hular sanyi mai tuntu. Aka tambaye shi inda ya samo ta, ya ce Jos. Daga wannan amsa guda labari ya yi ta tsiro. Shekara ukun ta zama biyar, biyar ta zama bakwai, har sunan garin ya manne wa nasa. Da wannan suna ake ba shi tsakiyar tabarma, da shi ake miƙa masa kofin shayi na farko.

Gaskiyar kuwa shi kaɗai ya san ta. A saman tirelar shanu ya bi ta Jos, yana riƙe da ƙarfe, za shi Kurmi, inda ya shekara uku yana ba shanun wasu ruwa. Motar ta tsaya a tashar tireloli aka sha shayi, ya sayi hula. A dawowa ma haka. Iyakar zamansa a Jos ke nan.

A yammacin nan yana cikin bayanin cewa a Jos ruwan buta kan daskare har sai an fasa shi da guduma kafin a yi alwala, sai Malam Kaumi, tsohon malamin makaranta mai yawo da ɗan littafi a aljihu, ya ce shi dai a karatunsa bai taɓa ganin an rubuta haka ba. Ya ce abin da ya sani garin yana bisa tudu, an haƙi kuza a can tun zamanin Turawa, akwai gidan tarihi, akwai duwatsun Shere.

"Malam, kai karantawa ka yi, ni zama na yi," in ji Babaji. "Ba dutsen da ban hau ba a ƙasar nan. Da zan sami masu zuwa, da idona a rufe zan zaga da su."

Bai lura ba, ashe wata keke napep ta tsaya a bayansa tana jiran garken tumaki ya wuce. A cikinta akwai Ya Kellu, surukarsa, uwar matarsa Saudatu, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda kunnenta bai taɓa gaza ta ba.

Ya Kellu ba ta yi masa magana ba, don tun ranar da ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba, ba ya cin abinci a gabanta, ita kuma ba ta kiran sunansa. Ta bakin Saudatu saƙon ya iso bayan magariba. Mahaifin Ya Kellu yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa haƙar kuza a lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da tsofaffi ke kira ɗibar gwamna. Ya dawo da tari a ƙirji da labari guda ɗaya mai daɗi: a gefen wata hanya ya ga manyan duwatsu an ɗora su kan juna, kamar wani hannu ya jera su. Tana ƙarama yakan tsinci tsakuwa ya jera mata ya ce haka suke. Yanzu tana son ta gani kafin idonta ya ƙarasa dushewa, tunda ga mai kai ta a gida.

Babaji ya ce tafiyar da nisa. Saudatu ta ce Ya Kellu ta san da nisa. Ya ce sanyi zai kama tsohuwa. Ta ce Ya Kellu ta ce a saya mata riga. Ya ce ba mota. Ta ce an riga an yi magana da Modu mai bas, Asabar za a tashi.

Washegari ya sami Modu yana wanke motarsa, ya tambaye shi a kaikaice ko ya san cikin Jos. Modu ya ce shi layin Damaturu da Maiduguri yake yi, Bauci ce iyakar yammarsa.

"Ai ga ka," ya ce. "Ni tuƙi, kai hanya."

Da Babaji ya ga ba mafita, sai ya shiga abin gadan-gadan. Ya kafa dokoki. Kowa ya nemi kwat da suwaita da safar hannu. Kada a ɗauki ruwan sanyi, don zai daskare a hanya, sai dai ruwan zafi a fulas. Kuma tun daga gida za a sa kayan, domin jikin da aka lulluɓe a makare sanyi ya riga ya shige shi. Mai gwanjon da ya ɗaure dilar kayan sanyinsa tun watan Fabrairu ya kwance ta yana kallon Babaji kamar mai neman a kai shi asibiti.

Mutum bakwai suka taru da asubahin Asabar: Babaji, Saudatu, Ya Kellu da ƙanwarta Fanna, Modu direba, Malam Kaumi da littafinsa, da Alhaji Hussain mai albasa, mutum mai ƙiba wanda kwat ɗinsa ta ƙi rufuwa a ciki har sai da Babaji ya ba shi aron igiya ya ɗaure. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya kallo. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta tambayi Saudatu ko zazzaɓi ne ya shigo gidan. Ya Kellu kaɗai ce ta ƙi sa kwat. Ta ninke ta, ta ɗora a kan cinya, ta ce a faɗa wa mijin Saudatu in sanyin ya zo za ta gane shi.

Ƙarfe shida da minti goma aka tashi. Kafin a kai Darazo, rana ta fito da ƙarfinta. Babaji na gaba kusa da Modu, da singileti da riga da suwaita da kwat biyu da jar hularsa ta tarihi, gumi na bin tuntun yana ɗiga masa a wuya. Duk da haka bai daina bayani ba. Ya ce Turawan farko da suka zo Jos sai da suka aika gida aka kawo musu ƙarin barguna. Ya ce kuza a can in ka tuntsure za ka tashi da ita a aljihu. Malam Kaumi yana rubutawa, yana tambayar shekarar da abin ya faru, Babaji yana cewa ba a tambayar shekara a cikin mota.

Alhaji Hussain ya roƙi a sauke gilas. Babaji ya hana, wai a adana ɗumi.

"Wane ɗumi kuma, Na-Jos? Ni fa na nuna."

"Za ka gode min anjima, Alhaji."

"In na kai anjiman."

Da duwatsun farko suka bayyana kafin a shiga Bauci, Babaji ya miƙe zaune ya nuna mafi girmansu ya ce ga Shere nan, an iso bakin Jos, kowa ya gyara wuyan rigarsa. Fanna ta fara salati. Minti uku bayan haka suka wuce allon da ke yi wa matafiya maraba da zuwa Bauci. Malam Kaumi ya karanta shi a fili, a hankali, harafi-harafi. Babaji ya ce wannan ƙanen Shere ne, kamarsu ɗaya, ko mutanen garin sukan ruɗe.

Bayan Bauci Saudatu ta buɗe kwanon dambu da soyayyun kaji. Ƙanshi ya cika mota. Aka miƙa wa kowa, aka miƙo gaba. Babaji ya kai hannu, sai ya tuna wadda ke zaune daidai bayansa. Ya janye hannun ya ce shi in zai shiga Jos ba ya ci, don iskar garin ta fi shiga cikin da ba komai a ciki. Bai karya kumallo ba da safen nan. Modu ya ci nasa, ya ci na Babaji, ya ce Allah ya ƙara wa iskar Jos albarka.

A hawan Panshanu motar ta fara nishi. Modu bai taɓa hawa tudu mai tsawon haka ba, ya bar ta a giyar da ta saba da ita a hanyar Damaturu, har hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujerarsa. Babaji ya ce kada kowa ya tsorata, hazon Jos ne ya fito tarye. Modu ya tsaya ya ce hazon nan daga lagireto yake fitowa, kuma ruwa take so. Ruwan sanyi kuwa ba ko kofi, bisa doka. Aka jira ta huce, sannan aka jera fulas shida a bakin hanya aka ɗura mata ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe na Fanna ne, kuma ba ta faɗa ba sai da aka gama cewa nata da citta da kanumfari a ciki. Daga nan har Jos motar ƙanshin shayi take yi.

Ƙarfe ɗaya da kwata suka shiga gari. Rana tana sama, iska mai daɗi tana kaɗawa, mutane na yawo da riguna masu gajeren hannu. A wurin da cunkoso ya tsayar da su, wata mai sayar da karas da kabeji ta leƙa ta taga, ta ga mutum shida cikin kwat da safar hannu, ta kira 'yar'uwarta ta zo ta gani. Alhaji Hussain ya kwance igiyarsa ba tare da ya nemi izini ba. Ya Kellu ta shaƙi iskar ta ce a faɗa wa mijin Saudatu har yanzu ba ta gane sanyin ba.

Nan aikin Babaji ya fara. Ya dubi dama, ya dubi hagu, bai ga abin da ya sani ba ko ɗaya. Shaguna, allunan talla, ƙafafun mutane, bakin kwata. Shi bai taɓa ganin Jos daga ƙasa ba. Modu ya tambaya ina za a bi, ya ce miƙe. Suka miƙe har shataletale, ya ce a zaga. Aka zaga. Ya ce a ƙara. A zagaye na uku Malam Kaumi ya tambaya ko wannan ma yana cikin wuraren tarihi. Babaji ya ce al'adar garin ce, baƙo ba ya wuce nan sai ya zaga sau uku.

Ya zaɓi wata hanya don ta fi faɗi. Ya ga doguwar katanga mai farin fenti ya ce gidan tarihi ne, amma yau a rufe yake. Suna kallo aka buɗe ƙofar, wata mota ta fito maƙare da buhunan abincin kaji. Can gaba ya hango ruwa a wani kwari, ransa ya yi fari, ya sa aka gangara. Ya fito ya tsaya a bakin ruwan, ya ce wannan shi ne babban ramin kuza na Turawa, zurfinsa ba a taɓa samun mai auna shi ba. Yana rufe baki wani mutum ya ratsa ta tsakiyar ruwan da bokiti, ruwan bai kai masa gwiwa ba, ya tambaye su ko wankin mota suke so.

Ya Kellu ba ta fito ba. Ta ce wa Saudatu ita ba ruwa ta zo gani ba, duwatsun mahaifinta take jira.

Babaji ya tsaya a bayan motar, cikinsa na kuka, kansa na juyawa. Sai idonsa ya faɗa kan ƙarafan ɗora kaya da ke saman bas ɗin. Ya kira Saudatu gefe ya ce mata tun safe abin na damunsa: bai dace ya zauna ya ba Hajiya baya a cikin mota ɗaya ba, tarbiyyarsa ba ta yarda ba. Zai koma sama. Saudatu ta ce sa'a bakwai yana ba ta bayan, yanzu tarbiyyar ta farka? Ya ce kunya ba ta da lokaci. Ya taka taya, ya kama ƙarfe, ya haye da wata irin gwaninta da ba wanda ya san yana da ita.

Yana zama a sama, garin ya dawo masa. Ga rufin kwanon nan mai tsatsa, ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, ga hasumiyar masallaci mai koren kai, ga tsaunin da ke bayansu. Duk yana nan yadda ya bar shi. Ya buga rufin motar da tafin hannu sau ɗaya.

"Hagu, Modu. Ɗaya hagu, biyu dama, uku tsaya."

Modu ya leƙo da kai ya dube shi, ya karya kan mota hagu. A ciki ya gaya wa Malam Kaumi cewa wannan bugun ya san shi, na masu raka shanu a saman tirela ne. Malam Kaumi ya rubuta.

Yanzu kam tafiya ta yi kyau. Babaji yana sama da kwat biyu da jar hula, yana bugu ɗaya, yana bugu biyu, masu babura na bin su suna dariya, wasu na ɗauka da waya. Shi kuwa ɗaga musu hannu yake yi, ya ɗauka tsofaffin sanayya ne suka gane shi. Reshen mangwaro ya kusa tafiya da hular, ya cafke ta. Ya leƙo ta taga ya ce wa Alhaji Hussain a shirya, an kusa zuciyar Jos, inda duk wani mai tarihi ke sauka. Ƙafafunsa da idonsa sun san hanya guda ɗaya tak a garin nan, kuma ita suka bi. Ya buga uku.

Suka tsaya a tsakiyar tashar tireloli. Ƙasa baƙa ƙirin da man inji, warin kashin shanu ko'ina, masu faci na dukan taya, wata tirela cike da bijimai tana huci a gefe. Fanna ta ce wannan ai kasuwar shanun Potiskum ce aka kawo kan tudu. Alhaji Hussain ya ce shi da ya sani da ya tsallaka titi kawai.

Babaji ya miƙe tsaye a saman motar ya fara bayanin cewa a nan Turawa suka fara kafa tanti. Bai kai ƙarshen jimlar ba wani dattijo mai shayi ya ajiye ludayinsa, ya kare ido da hannu, ya matso. Sunansa Maigandi, mutumin unguwar Yindiski ne a Potiskum, ya yi shekaru yana raka shanu Kurmi kafin gwiwa ta zaunar da shi a nan da tukunyar shayi.

"Wannan hular na san ta," ya ce. "Babaji? Babaji mai igiya? Har yanzu ba ka sauko daga saman mota ba?"

Babaji ya ce wataƙila kama ce. Maigandi ya ce ba kama ba ce, shi ya taya shi cinikin hular a wancan teburin, shi kuma ya ɗaure shi da igiyarsa a jikin ƙarfe don kada ya faɗo. Direbobi da masu faci suka fara taruwa. Malam Kaumi ya fito da littafinsa, ya gaisa da Maigandi cikin ladabi, ya tambaye shi shekara nawa Babaji ya yi a garin nan.

"Shekara?" Maigandi ya dubi jama'a. "A tafiya mun tsaya minti arba'in. A dawowa, bayan shekara uku, a motarmu ya dawo, mun tsaya kamar talatin da biyar."

Malam Kaumi ya haɗa, ya ja layi a ƙasa, ya ce sa'a ɗaya da kwata ke nan. Ya ƙara da cewa yau kaɗai sun zarce wannan, don haka duk wanda ke cikin motar nan ya kai Babaji zama a Jos, har da Fanna.

Dariya ta tashi daga teburin shayi har wajen masu faci. Alhaji Hussain ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana share hawaye da safar hannu. Saudatu ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta a sama ta ce, "Baban Amir, sauko haka nan." Ya sauko a hankali, ba irin hawan da ya yi ba. Ya cire kwat ɗaya, ya cire ta biyu, ya tsaya riƙe da su bai san inda zai ajiye ba.

Ya Kellu ta sa aka kira mata Maigandi bakin taga. Suka gaisa da Barbarci, ta tambayi mutanen gidansu, sannan ta kwatanta masa duwatsun da take nema. Maigandi ya ce ai na Riyom take nufi, suna bakin hanyar da tireloli ke bi zuwa Kurmi, ba su kai tafiyar sa'a guda ba. Sai ya sake fashewa da dariya, ya nuna Babaji.

"Hajiya, ai ba wanda ya san wurin nan kamar surukinki. Shayin da ya sha a nan, can ya mayar da shi. Sai da muka tsayar da mota ya kwanta a gindinsu yana kiran uwarsa."

Babaji ya tuna. Ya tuna ciyawar da ya kwanta a kai, da yadda ya buɗe ido ya ga manyan duwatsu a kan juna suna kamar za su faɗo masa, ya rufe idon da sauri. Shekara ashirin da uku yana ba da labarin duwatsun da bai taɓa gani ba, wannan guda ɗaya da ya gani kuwa bai taɓa ambatarsa ba, saboda abin da ya kai shi gindinsa.

Bai dubi taga ba. Ya ce wa Saudatu, murya ƙasa-ƙasa, ta faɗa wa Hajiya wannan kam ya san hanyarsa, in za ta yarda a sake bin maganarsa sau ɗaya. Saudatu ta faɗa. Ya Kellu ta ce a tambaye shi daga sama zai gane ko daga ƙasa. Ya ce daga sama. Ta ce to ya hau, amma a ɗaure shi.

Maigandi da kansa ya ɗaure shi, da igiyar da Alhaji Hussain ya kwance daga cikinsa.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin Babaji ya buga uku. Duwatsun suna nan a gefen hanya, a tsakiyar fili, manya a ƙasa, wasu a kansu, na can sama a zaune a kan ɗan wuri kaɗan kamar iska za ta iya ture shi, ga shi kuwa bai motsa ba tun kafin a haifi kakan kowa. Babu wanda ya nemi bayani, Babaji ma bai yi ba. Aka fito da Ya Kellu, Fanna ta riƙe mata hannu, aka shimfiɗa mata kwat ɗin nan da ta ƙi sawa ta zauna a kai. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta laluba ƙasa ta tsinci tsakuwa huɗu, ta jera uku, ta ɗora ta huɗun a sama, ta gyara ta da ɗan yatsa har ta zauna.

"Haka yake yi min," ta ce wa Fanna. "Ke ba ki yi wayo ba lokacin. Ashe bai ƙara komai ba."

Iska ta taso daga wajen tsaunuka, mai sanyi sosai a wannan karon. Alhaji Hussain ya mayar da kwat ɗinsa shiru. Ya Kellu ta ja mayafinta, ta ce a faɗa wa mijin Saudatu ta gane shi yanzu. Sai ta gyara zama, ta juya wa motar baya gaba ɗaya.

"Saudatu, ni zan daɗe ina kallon nan, ba zan waiwayo ba. Akwai sauran kaza a kwano."

Babaji ya zauna a bayan taya ya cinye dambun har ƙasan kwano, da cinya biyu da wuya. Ba ta waiwayo ba sai da ta ji an rufe murfi.

Suka kwana a gidan Maigandi, suka dawo ranar Lahadi da la'asar. Labari ya riga su isowa, don hoton mutum mai jar hula a saman bas ya zaga wayoyin Dogo Tebo tun ranar Asabar. Ba wanda ya sake ce masa Na-Jos. Babaji Na-Sama ake ce masa yanzu, har a kasuwar shanu, kuma yana amsawa. Tsakiyar tabarma ta koma hannun wani mai gyaran rediyo da ya ce ya taɓa zuwa Kamaru.

Labari ɗaya ya rage wa Babaji, na duwatsun da ke kan juna, kuma yana ba da shi daidai yadda yake, ba ƙari. Waɗanda ba su je ba ba su yarda ba. Sun ce ruwan buta mai daskarewa ya fi wannan kama da gaskiya, suka ja tabarmarsu zuwa wajen mai rediyo.

Ya Kellu ta rasu a ƙarshen daminar shekarar. Tsakuwa huɗun da ta ƙullo a bakin mayafinta suna kan tagar ɗakin Saudatu, a jere.

Waɗanda suka rage a gefen Babaji a gindin dogonyaro su ne: Malam Kaumi, da littafinsa, wanda ya duba labarin duwatsun sau da yawa bai sami abin gyarawa ba, Alhaji Hussain, wanda har yau bai mayar da igiyar ba, Modu, ranar da ba shi da lodi, da motarsa da ke tashin citta in ta yi zafi, sai jar hular, a rataye a reshe, ba mai sa ta.